Ƙasa Ce Ba Ta Da Lafiya, In Ji Malam

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya tashi kafaɗar Malam, Ya kuma bar ni da raina har nake ba da labari. Waɗanda suka tako da ƙafa da waɗanda suka bugo waya, Allah Ya bar zumunci. Waɗanda suka kawo shawara ba a tambaye su ba, su ma Allah Ya saka musu, amma ina sane da kowa. Na zauna rubuta wannan ne saboda matan da Allah zai haɗa da jinyar dattijo mai taurin kai, don kada abin ya zo musu a ba-zata yadda ya zo mini.

Sunana Kulu. Muna zaune a wani gari can gefen Nasarawa Burkullu, ƙasar Bukkuyum. Maigidana, wanda kowa ke kira Malam, manomi ne, da yamma kuma magidanta kan zo zaurensa ɗaukar karatu. Mutum ne mai haƙuri da kowa, ban da mai yi masa gardama. Yana da fuka tun yana saurayi. Duk damina sai mun yi kaffa-kaffa da ƙirjinsa, don akwai shekarar da ruwa ya dake shi a gona, ya kwanta har aka fara kiran 'yan'uwa na nesa. Ku riƙe wannan, domin shi ne abin da ya hana ni sukuni a duk jinyar nan.

Abin ya faro ne daga wayar Nasiru, ɗanmu na uku, mai haya da babur. Wata rana a ƙarshen bazara ya zo ya tsuguna gaban ubansa, ya nuna masa hoton wata ƙasa mai nisa da aka yi girgizar ƙasa. Ni ma na leƙa ta bayan kafaɗarsu. Gidaje sun zube a kan mutane, abin ba kyan gani. Amma abin da ya tsaya wa Malam a rai shi ne tsagar. Ƙasa ta dare gida biyu, tsagar ta ratsa gonaki ba a ganin ƙarshenta, ta yanke kwalta, rabin titi ya goce gefe ya bar ɗan'uwansa. Itatuwan da aka shuka a layi ɗaya, layin ya karye a tsakiya, kamar an ja tabarma ta gefe guda. Malam ya sa aka yi ta maimaita masa har cajin wayar ya ƙare.

"Wato gonar mutum ta kwana nan, ta wayi gari can?" in ji shi. "To iyaka hwa? Wa zai raba musu gardamar iyaka?"

Muka yi dariya, aka tashi. Da na san abin da ke tafe, da a rijiya na jefa wayar nan.

Bayan 'yan kwanaki aka je sallar azahar. Ni ba na wurin, Nasiru ne ya ba ni labari. Liman ya yi kabbarar ruku'u, kowa ya duƙa, sai Malam ya ji masallaci ya juya da shi. Ya cafki rigar na kusa da shi, suka zube tare, yana ihu: "Ku hita! Ƙasa! Ƙasa tana girgiza!" Rabin sahu ya yanke salla ya yi ƙofa. Akwai wanda ya isa gida da takalmi wari biyu, duka na ƙafar hagu. Da suka fito waje sai suka tarar da awaki kwance a inuwa suna tuƙa abinsu, ko kunne ba su kaɗa ba.

Aka riƙo shi zuwa gida yana tangaɗi, ya yi amai a ƙofar zaure. Na ce a shigar da shi turakarsa ya kwanta. Yana ɗaga labule sai ya tsaya cak. Ga wata siririyar tsaga a daɓen ɗakin, ta taso daga gindin bangon baya ta nufi ƙarƙashin gado. Tsagar da ko allura sai da dabara za ta shiga.

"Kulu, zo ki gani. Ta iso."

"Wa ta iso, Malam?"

"Wadda munka gani a waya."

Na ce masa zafin bazara ne, kowace shekara daɓe yana darewa. Ko saurarena bai yi ba. Ya sa Nasiru ya fito da gadon ƙarfe da akwatin littattafansa, aka ajiye ƙarƙashin dogonyaron tsakar gida. Ya rantse ba zai sake kwana ƙarƙashin rufi ba sai ƙasa ta gama abin da take yi.

Makon farko ni abin dariya na ɗauke shi. Malam ya ajiye ƙwaryar ruwa a gefen gadonsa, wai ita ce za ta nuna masa motsin ƙasa. In ya juya a kan gado ya ji duniya ta kife, sai ya ƙwala mini kira: "Duba ƙwarya!" In duba, in ga ruwa kwance lumui. Sau ɗaya tak ruwan ya motsa, har Malam ya fara kabbara, ashe kaza ce ta sha ta wuce. Ya kuma karya karan dawa daidai tsawon yatsansa, ya yi masa alama da wuƙa. Kullum da safe sai ya dafa bango ya leƙa turakar, ya gitta karan a bakin tsagar, ya fito ya ba ni rahoto cewa ta ƙaru. Ni kuma in kwaɓa ƙasa da ruwan makuba, in shiga a gabansa in cike ta, in bi da madaɓi. Kwana biyu ta sake buɗewa. Ya ce ƙasa ce, na ce rana ce, haka muka yi ta yi.

Har cewa yake yana jin dum-dum a ƙarƙashin ƙasa. Na ce, "Malam, turmin maƙwabta ne. Shekara nawa ana daka a garin nan ba ka ce komai ba?"

Sai 'yan shawara suka fara sauka. Yayar Malam ta bugo daga Anka ta ce ciwon shawara ne ya hau masa kai, ta aiko da jiƙo a jarka, mai ɗacin da ko tunkiya ta sansana sai ta ja da baya. Mai kemis ɗin garinmu ya zo ya ce rashin ruwa ne, ya rataya ledar ƙarin ruwa a reshen dogonyaro. Malam na kwance ana ɗura masa, yana yi wa masu gaisuwa wa'azin ranar da ƙasa za ta fitar da abin da ke cikinta, har wata tsohuwa ta fashe da kuka ta je ta nemi gafarar maƙwabciyarta.

Amma a cikin masu shawara babu ya Sale. Sale ƙanen Malam ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma abokin wasana tun ina amarya. Shi ke da kangon da ke bayan turakar Malam, bango ɗaya ya raba. Tun cikin rani ya kewaye kangon da sabon zana, ya ce bulo yake bugawa a ciki. Sale ya zo ya duba tsagar, ya daɗe yana kallonta, har na ga gumi a goshinsa.

"Matarmu, wanga ba girgiza ba ce," in ji shi. "Aljannu ne. Hanyarsu ce tab bi ta ƙarƙashin ɗakin. Kada a tona, kada a zura sanda, kada ma wani ya leƙa bayan bangon ga. Ba su son a gan su."

"Kai a ina kas san su, Sale?"

"Ke dai bari. Akwai abin da ba a gaya wa mata."

Ya kawo wani turaren hayaƙi aka banka a ɗakin, har kaji suka yi hijira zuwa gidan maƙwabta. Kullum sai ya zo, wata rana da nono, wata rana da tsire, ya leƙa tsagar ya tambayi jikin Yaya. Wallahi har albarka na sa masa. Na ce wa Nasiru ya koyi zumunci wurin baffansa.

A mako na biyu dariya ta fara ragu. Malam ya koma salla a zaune, don in ya duƙa sai ya kife. Abinci ba ya zama a cikinsa. Ya rame, wuyansa ya fito. Ga gabas ta fara haɗa baƙi da yamma, iska na kawo ƙamshin ruwa daga nesa. Na ce a tafi asibiti.

"Asibiti? Ni lahiyata lau. Ƙasa ce ba ta da lahiya. In kuna da mota ku ɗauke ta ku kai."

Nasiru ne ya yi dabara. Ya ce, "Baba, abin ga ya hi ƙarhin gida. Ya kamata hukuma ta sani. Mu tahi Bukkuyum ka ba masu ilimin boko rahoto da bakinka." Nan take Malam ya nemi babbar rigarsa. Aka ɗora shi a babur, aka ɗaure shi da bayan Nasiru da rawani, ni na bi su a wani babur. Hanyarmu kun san halinta, sai rana ta ɗaga ake fita, kuma kafin la'asar kowa ya nemi gida. Duk ramin da muka faɗa sai in ji muryar Malam daga gaba yana cewa, "Kun ji ko? Kun ji ta?"

Muka sauka a wani ɗan asibiti, ba zan faɗi sunansa ba. Ma'aikacin ya ce, "Baba, me ke damunka?" Malam ya gyara zama ya ce shi ba abin da ke damunsa, rahoto ya kawo. Ya fara daga hoton waya, ya bi ta masallaci, ya zaro karan dawa daga aljihu. Ma'aikacin ya dube ni, na dubi silin. Aka ɗebi jini, muka zauna a benci har ƙafata ta yi tsami, sannan aka fito mana da sakamako: taifot da maleriya. Matar da ke kusa da ni ta kawo ciwon gwiwa, ita ma taifot da maleriya. Aka haɗo mu da ƙwayoyi cike da leda. Tunkiyata mai ciki aka sayar aka biya kuɗin wannan tafiyar, har yau in na tuna idonta sai raina ya sosu.

Malam ya sha ƙwayoyin nan tas, don shi ba ya wasa da abin da aka saya. Ƙasa ba ta fasa juyawa ba.

A mako na uku ruwan farko ya sauka. Na roƙe shi, Nasiru ya roƙe shi, liman ya zo da kansa ya roƙe shi. Ya ce ko zaure ba zai shiga ba, rufi rufi ne. Iyakar abin da ya yarda da shi rumfar kara, wai ko ta faɗo ba ta kashe mutum. Nasiru ya kafa masa ita a gurguje, ya shimfiɗa leda a sama. Ruwa da iska suka zo suka yi abin da suka ga dama da ledar. Da aka ɗauke na tarar da shi zaune a tsakiyar gado, ya rungume akwatin littattafai, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

Kashegari tari ya fara. Bayan kwana biyu ƙirjinsa ya fara wannan kukan da na sani, kukan da na ji a waccan shekarar. Na zaga bayan rumbu na yi kuka mai isata, don tsoro ya kama ni ƙwarai. Na ga zan rasa mijina a tsakar gidansa, ga ɗakuna huɗu a tsaye, saboda hoton wata ƙasa da ko sunanta ban iya faɗa ba. Na share hawaye na dawo na tsaya a kansa.

"Malam, ƙasar ga da kake tsoro ba ta kashe kowa ba a garin ga. Ruwa kuwa ya kusa kashe ka sau ɗaya, ga shi ya dawo ƙarasawa. In ka mutu a rumhwar ga, mi zan ce wa ɗiyanka?"

Ya buɗe baki zai ba ni amsa, tari ya sarƙe shi. Numfashin gardama ya ƙare masa. Da haka muka samu muka ɗauke shi zuwa Gummi, babur zuwa bakin titi, daga nan mota.

Layin da muka tarar a asibitin da muka je, Allah Ya kiyashe ku. Layin kati daban, layin awo daban, layin ganin likita ya zagaye baranda ya fita har wajen masu shayi. Muka wuni, aka tashi ba a zo kanmu ba. An dai taimaka an ba shi abin shaƙa ƙirjin ya ɗan saki, Allah Ya saka wa wadda ta ba shi. Masu jinya suka shimfiɗa tabarmi a baranda, Malam ya ce shi sai gindin mangwaro. Can muka kwana, ni da shi da sauro.

Da hantsi aka kira mu. Likitar yarinya ce, ba ta kai 'yata ta biyu ba. Raina ya ɗan ɓaci, na ce a zuciyata duk wannan wahala a kan wannan 'yar. Ta saurari ƙirjinsa ta rubuta magani. Sannan na kwashe labarin jirin na gaya mata, ina yi ina harararsa. Ita kuwa sai ta juya ta fuskance shi.

"Baba, wane lokaci ƙasar take girgiza?"

Wayyo, ku zo ku ga fuskar Malam. Tunda aka fara abin nan ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar. Ya ce lokacin ruku'u, da sujada, da in ya juya hagu a kan gado, da in ya ɗaga kai duban hadari.

"In kana zaune shiru fa?"

"Tana hutawa."

"Tana daɗewa in ta fara?"

"A'a. Kahin in gama salati ta lahwa."

Ta ce ya hau gadon awo. Ta kama kansa da hannu biyu ta karkata shi hagu, ta kwantar da shi da sauri har kan ya leƙa ƙasa. Malam ya damƙe ƙarfen gado ya fara kalmar shahada da ƙarfi. Ta ce, "Inna, zo ki ga idonsa." Na leƙa, sai ga ƙwayar idon Malam tana rawa ita kaɗai.

Maganar da ta yi ba zan manta da ita ba. Ta ce, "Akwai 'yan tsakuwoyi ƙanana a can cikin kunne, kowa yana da su. Nasa sun bar ɗakinsu sun faɗa wani lungu. In ya motsa kai sai su gangara, shi kuma ya ji duniya ce ke gangarawa. Yanzu za mu mai da su gida."

Na ce, "Likita, in kin gama da su ki taimaka mini da mai kunnen, shi ma ya bar ɗakinsa."

Ta yi dariya. Ta juya kansa dama a hankali, ta jira, ta mirgina shi a kan kafaɗa har yana kallon ƙasa, ta jira, sannan ta tashe shi zaune. Ta sake yi masa haka. Babu allura, babu ƙarin ruwa, babu jiƙo. Bayan ya huta ta ce ya ɗan duƙa a hankali. Malam ya duƙa, ya jira, ya ƙara jira. Ya ɗago yana duban bango kamar wanda aka yi wa alkawari aka saɓa.

"Ta tsaya," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

Ni farin ciki ya kusa sa ni guɗa a ofishin mutane. Shi kuwa wallahi ba daɗi ya ji ba. Mutumin da ya yi mako uku yana yi wa gari gargaɗi, a ce masa tsakuwa ce a kunne! Ya laluba aljihu ya fito da karansa.

"To ɗiyata, tsagar ɗakina hwa? Ita ma a kunnena take?"

"Baba, ni kunne da ƙirji na karanta. Tsagar ɗaki sai magini. Amma ƙirjin nan naka ba zai ɗauki wani dukan ruwa ba. Yau a ɗaki za ka kwana."

Na ce ta maimaita, ta maimaita. Duk hanyar dawowa ina nanata masa, har direba ya haddace.

Mun iso gida bayan azahar, gabas ta yi baƙi ƙirin. An yi ruwa kwana biyun da ba mu nan. Ko mayafi ban cire ba na kwaɓa ƙasa na shiga turaka. Tsagar ta buɗe fiye da yadda na bar ta, amma ni a lokacin nasara ce a kaina, ba na ganin komai. Na zuba kwaɓin ya shige. Na ƙara, ya shige. Na ce yunwa take ji, na tura mata tsumma na bi da ƙasa na lailaye. Nasiru ya shigo da gadon, ya fita kai babur zaure.

Sai ga Malam a bakin ƙofa, a tsaye kyam, ba dafa bango. Ya tsuguna can gefen da ban kai ga cikewa ba, ya gitta karansa. Karan da a da yake kwanciya a bakin tsagar har ya yi saura, sai ya sulale ya faɗa ciki. Muka kasa kunne, ba mu ji saukarsa ba.

"Kulu," ya ce a hankali, "kaina ya bar juyawa. Amma karan ya hwaɗa."

"Malam, kada ka soma! Likita ta ce a ɗaki, kuma a ɗaki za ka kwana, ko da ɗaure ka zan yi da ƙahwar gadon ga."

Ya juya ya fita. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ina ciki ina shimfiɗa zanen gado ina faɗa ni kaɗai, ina lissafa masa tunkiyata da sauron Gummi da kunyar da ya ba mu a masallaci. Ban ji shigowarsa ba, sai dai na ji an damƙi wuyan hannuna. Malam, wanda tunda aka kawo ni gidan nan bai taɓa riƙe hannuna da rana tsaka ba, ya fizge ni ya yi waje da ni cikin ruwa. Ina turjewa ina ihu: "Ƙirjinka! Malam ƙirjinka! Ka haukace?"

Ba mu kai gindin dogonyaro ba na ji wani irin gurnani a bayana. Na waiwaya. Bangon baya na turakar ya durƙusa a hankali, rufin ya biyo shi, tsakiyar ɗakin ta nutse. Gadon ƙarfe da sabon zanen da na shimfiɗa suka tafi ƙasa ina kallo. Inda nake tsaye ɗazu ya zama rami, jan ruwa na kwarara a ciki. Na zauna daɓas a cikin taɓo.

Kafin wani ya yi salati, sai ga Sale ya faso zana a guje, hannu biyu a ka, yana kururuwa: "Injina! Wayyo injina na ciki!"

Malam ya dube shi.

"Wane inji, Sale?"

Ashe tun da daji ya gagari masu haƙar zinari saboda 'yan bindiga, Sale ya samo samari biyu suka fara haƙa a cikin kangonsa, a bayan zana. Suka nutsa, suka samu jijiyar zinari, suka bi ta a kwance, ita kuwa ta ratso ta ƙarƙashin turakar Malam. Dum-dum ɗin da na ce turmi ne, digarsu ce. Injin kuwa na zuƙe ruwan ramin ne. Allah Ya taimaka hadari ya kore su tun da rana, ba kowa a ciki.

"Yaya, wallahi ba ni nib bi nan ba," in ji Sale. "Jijiyar ce tab bi."

"Aljannun naka," in ji Malam, "da injin ban-ruwa suke aiki?"

Ni ba ta magana nake ba. Madaɓin da na yi mako uku ina daɓe da shi na raruma, Nasiru ne ya riƙe ni. Daga baya mai gari ya sa Sale da samarinsa suka cike ramin, kuma shi zai tayar da turakar bayan damina. Ya zo ban haƙuri da ƙwaryar nono. Na karɓi nonon, haƙurin kuma ina kan dubawa.

A yammar nan dai ga Malam jiƙe sharkaf, ga tari na neman tasowa. Na hura gawayi, na ba shi maganin likita da abin shaƙarsa, na shafa masa man zafi. Ina ta gaggawa, shi ne ma yake ce mini in yi a hankali. Bayan magariba ina ɗakina ina tunanin inda zan sa shi, sai na ji sallama a bakin ƙofa.

"Masu ɗaki, ana karɓar baƙo? Likita ta ce a ɗaki."

Na ɗaga labule. Yana tsaye da bargonsa a kafaɗa, da sabon karan dawa a hannu. Dariya ta zo mini tare da kuka, na rasa wadda zan fara. Ya shigo ya bi daɓen ɗakina kusurwa-kusurwa da tocila, sannan ya kwanta. Ƙirjin ya yi kwana biyu yana barazana, Allah Ya sa maganin ya riƙe shi, aka wuce daminar lafiya.

To 'yan'uwa mata, ga abin da zan ce muku. In dattijonku ya ce ƙasa na juyawa da shi, kada ku tsaya jiƙo da ƙarin ruwa, ku kai shi a duba kunnensa, abin minti kaɗan ne a hannun wanda ya sani. Amma in ya ce tsaga na ƙaruwa, ku ajiye madaɓi ku zaga bayan bango ku gani da idonku, musamman in akwai ƙanen miji mai yawan kawo tsire.

Har yau ba mu gama gardamar wa ya yi gaskiya ba. Ni na ce kunne ne, shi ya ce ai ƙasa ta tsage. Ya koma ruku'unsa lafiya lau, mutanen sahun farko ma sun daina matsawa nesa da shi. Sabon karan yana nan jingine a bayan ƙofata. Kullum da safe in na zo shara sai in ɗaga shi in share wurin, in duba daɓen da kyau tun kafin Malam ya dawo daga masallaci, sannan in mai da shi inda yake.